Ganye Ya Sauko Kasuwa, Ilimi Ya Tsaya A Kan Dutse: Magungunan Azbin A Ma'aunin Shari'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

A cikin Suratu Faɗir, aya ta 27, Allah Maɗaukakin Sarki ya ja hankalin bayinsa zuwa ga ruwan da yake saukarwa daga sama, da 'ya'yan itatuwa masu launi iri-iri, da duwatsu masu zane-zane farare da jajaye da baƙaƙe wuluk. A ayar da ke biye ya ambaci mutane da dabbobi, sannan ya bayyana cewa masu ilimi ne suke tsoronsa daga cikin bayinsa. A Suratun Nahli kuwa, da ya lissafa wuraren da ya kimsa wa ƙudan zuma ya yi gida, da duwatsu ya fara, kana ya faɗi warakar da ke cikin abin da yake fitarwa. Mai tuntuntuni zai gane cewa sanin tsiro da dutse ƙofa ce daga ƙofofin sanin Mahalicci.

Mutumin birni yakan ɗauki dutse a matsayin kufai. Wanda aka haifa a gindinsa kuwa ya san rumbu ne, kuma ɗakin magani ne. Matsalar da ta shafe mu, mu da muke zaune nesa da duwatsu, ita ce ganyen yana saukowa har kasuwanninmu, amma ilimin da ya kamata ya rako shi yakan tsaya can inda aka tsinko shi. A wannan giɓi ne ake asarar lafiya, ake asarar dukiya, wani lokaci har da aƙida.

Ƙasar Azbin da mutanenta

Azbin, ko Abzin, wadda masu ita suke kira Ayar, jerin duwatsu ce a arewacin Jamhuriyar Nijar, cikin jihar Agadas, rairayin Sahara ya kewaye ta. A cikinta tsaunin Bagzan yake, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, babu wurin da ya kai shi tudu a duk faɗin Nijar. Bahaushe ba baƙon wannan ƙasa ba ne. Tarihin Gobirawa yana cewa daga can suka gangaro kudu. Ayarin Abzinawa ya daɗe yana kawo gishirin Bilma da dabino zuwa Damagaram da Katsina da Kano, ya koma da gero da tufafi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, har Agadas, kuma har gobe da Hausa ake ciniki a kasuwar birnin.

Saboda tudunsu, duwatsun sun fi hamadar da ke kewaye da su sanyi da samun ruwan sama. Ɗan ruwan da ya sauka da damina yakan gangara cikin ƙoramu ya nutse a ƙarƙashin yashi, shi ake jawowa daga rijiyoyi a shayar da lambunan Timiya da Tabelot da Iferwan, inda ake noman albasa da tafarnuwa da alkama da dabino da lemo. A bakin ƙoramun ga aduwa, ga bagaruwa, ga goruba, ga anza da jiga, itatuwan da ɗan ƙasar Hausa ya sani. A can sama kuma akwai tsirran da ba ma ganinsu a nan, har da zaitun na daji, wanda ya saura tun zamanin da Sahara take da danshi.

Wasu ƙauyukan da ke kan Bagzan sun yi shekaru aru-aru ba a isa gare su sai da ƙafa ko a kan jaki. Idan ciki ya murɗa wa yaro da tsakar dare a irin wannan wuri, babu zancen kiran mota. Abin da ke cikin jakar kakarsa shi ne asibitin farko. Larura ce ta koyar da mutanen dutse sanin itatuwansu, kamar yadda ta koyar da mutanen duwatsun Mandara da na tsaunin Mambila nasu.

Ilimin da ke hannun tsofaffin mata

A wurin Abzinawan wannan yanki, yawancin masu maganin ganye mata ne, kuma dattijai. Wata malamar jami'a 'yar Amurka, Susan Rasmussen, wadda ta daɗe tana bincike a tsakaninsu, ta wallafa littafi a kansu a shekarar 2006. Mace takan koyi sana'ar a wurin mahaifiyarta ko wata babba a danginta, ta shekara da shekaru tana bin ta jeji tana kallo, kafin ta fara karɓar marasa lafiya da kanta. Tana bincikar mara lafiya da hannu, musamman ta hanyar taɓa ciki. Tana raba cututtuka zuwa na zafi da na sanyi, rabon da ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta littattafan likitocin Musulmi na da. Abin da ta ga ba nata ba ne takan tura shi wurin malami ko asibiti.

Ke nan abin da ke kanta ya wuce sunan ganye. Ta san wane ɓangare na itace ake ɗiba, ko saiwa ko sassaƙe ko ganye. Ta san lokacin da ake ɗiba da yadda ake shanya shi. Ta san gwargwadon da ake ba babba da wanda ake ba yaro, da wanda ba a ba mai ciki ko kusa. Uwa uba, ta san mara lafiyar, ta san iyayensa, kuma gobe za ta haɗu da su a bakin rijiya. Idan ta cuce shi, babu inda za ta ɓuya.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a tarihin Musulunci. Imamu Ahmad ya ruwaito cewa Urwatu ɗan Zubairu ya yi mamakin yadda Uwar Muminai A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta san magani. Ta bayyana masa cewa a ƙarshen rayuwar Manzon Allah (SAW) yakan yi rashin lafiya, baƙin Larabawa masu zuwa daga sassa daban-daban suna siffanta magunguna, ita kuma tana haɗa masa. Ranar Uhudu kuma, kamar yadda ya zo a Bukhari, Nana Faɗima ce ta ƙona guntun tabarma ta liƙa tokar a raunin mahaifinta har jinin ya tsaya. Addini bai raina ilimin da aka samo daga gwaji da gado ba. Tace shi ya yi, ya ɗora shi a kan ma'auni.

Itatuwan da muka karanta a littafi

Ɗalibin hadisi da ya shiga ƙoramun Azbin zai tarar da tsirran da ya daɗe yana karanta sunayensu, domin yanayin ƙasar ya yi kama da na Hijaz.

Na farko shi ne itacen araki, wanda ake yin asuwaki da saiwarsa da rassansa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Jabiru cewa sahabbai suna tsinkar 'ya'yansa a Marruz Zahran, sai Annabi (SAW) ya nuna musu su zaɓi baƙaƙen, domin sun fi daɗi. Suka tambaye shi ko ya taɓa kiwon awaki, ya amsa musu da cewa babu annabin da bai yi kiwo ba. Sahabbai sun gane nan take cewa irin wannan sani a jeji ake samunsa, bayan dabbobi.

Na biyu shi ne nobe, ciyawar nan mai ƙamshi da Larabawa suke kira izkhir. Ita ce Abbas ya roƙa a keɓe daga haramcin yanke tsirran Makka saboda bukatar mutane, aka kuwa keɓe ta. Da ita aka rufe ƙafafun Mus'abu ɗan Umairu ranar Uhudu, da mayafinsa ya gaza zama likkafani. Mutanen Sahara suna dafa ta su sha saboda ciwon ciki da zazzaɓi, a Masar kuma an fitar da maganin tsakuwar hanyar fitsari daga wani jinsi nata.

Na uku shi ne filasko, ɗan'uwan sana makki, maganin da ake sha don ya wanke ciki. Tirmizi da Ibnu Majah sun kawo labarin Asma'u 'yar Umaisu, wadda take amfani da wani tsiro mai suna shubrum. Annabi (SAW) ya nuna mata cewa yana da zafi da ƙarfi, da ta koma ga sana sai ya yaba shi. Malamai sun yi magana a kan isnadin ruwayar, amma darasinta a fili yake: tsiro biyu, aiki ɗaya, ɗaya ya fi ɗaya haɗari. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta gajerun littattafai a kan magani, ciki har da na sana da na basir da na ciwon ido. A yau sana yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Duk da haka, wanda ya mayar da shi abin shan kullum zai ƙarar da ruwa da gishirin jikinsa, kuma haɗari ne ga ƙaramin yaro, da mai gudawa, da wanda hanjinsa ya toshe.

A gefen waɗannan akwai masu kisa. Kwartowa, wato hanzal, wadda hadisi ya buga misali da ɗacinta, kaɗan daga cikinta yana iya sa zawon jini. Ruwan tumfafiya idan ya faɗa ido yana iya lalata shi. Duk a ƙorama ɗaya suke tsirowa, ruwa ɗaya suke sha. Wanda ya ce maganin gargajiya ba ya cutarwa tun da daga Allah yake, a tambaye shi: dafin kububuwa daga wa yake?

Magani ma yana da isnadi

Muslim ya ruwaito daga Jabiru cewa kowace cuta tana da magani, kuma waraka tana samuwa da izinin Allah idan maganin ya dace da cutar. A riƙe wannan sharaɗi na dacewa. A ruwayar Ahmad daga Ibnu Mas'ud an ƙara da cewa akwai wanda ya san maganin, akwai wanda ya jahilce shi. Ashe samuwar magani daban, saninsa daban.

Magabata sun ɗauki wannan da muhimmanci. A birnin Ishbiliya ta Andalus an yi wani malami, Abul Abbas Annabati, wanda ya rasu a 1239. Malamin hadisi ne, kuma masanin tsirrai. Masu rubuta tarihinsa sun lura cewa fannonin biyu hanyarsu ɗaya ce: tafiya, da rubutawa, da tantance abin da ya rikice. Almajirinsa Ibnul Baiɗar, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya ratsa Arewacin Afirka yana duba tsirrai a inda suke fitowa, ya tattara magunguna da abinci kimanin 1,400 a littafi guda. Yana jingina kowace magana ga mai ita, yana rubuta sunayen tsirrai har da harshen Barbar, dangin harshen Abzinawa, don kada a musanya wani da wani.

To, mu dubi halin da muke ciki. Ganye yakan bar dutse a buhu, ya bi hannu biyar ko shida kafin ya iso tasha. A hanya an daka shi, an gauraya shi, an ɗura shi a leda ko a gorar ruwan da aka sha aka yar. Mai lasifika yana shelar cewa yana maganin basir da shawara da sanyi da hawan jini da rashin haihuwa, duk a ƙulli ɗaya. Bai taɓa ganin itacen a tsaye ba, bai san mai saye ba, gobe kuma yana wata kasuwar. Da hadisi ne, da mun ce isnadinsa ya yanke kuma mai ruwayar ba a san shi ba. Mun ƙi karɓar irin wannan a addininmu, don me muke ɗura wa 'ya'yanmu shi?

Tazargade misali ce. Fatake sun daɗe suna kawo ta daga ƙasashen Sahara, iyayenmu suna amfani da ita. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, ta yi tashe saboda labarin wani jiƙo da aka yi a Madagaska. Gaskiya ne cewa daga danginta aka samo sinadarin da ke cikin magungunan zazzaɓin cizon sauro na yau, aikin da ya sa aka ba Tu Youyou ta ƙasar Sin kyautar Nobel a 2015. Amma daga wani jinsi na musamman aka fitar da shi, bayan dogon gwaji da auna ƙima, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a dogara da jiƙon ganyen wajen maganin zazzaɓin ba. Zama dangi ɗaya ba ya sa a zama abu ɗaya.

Ma'auni uku na Shari'a

Asalin neman magani halal ne. Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta halatta shan magani da ƙaho, ta hana yin magani da giya ko najasa. Bayan wannan akwai abubuwa uku da ake dubawa.

Na farko, aƙida. Ganye sababi ne, Allah ne Mai warkarwa. A wurare da yawa, kan dutse da cikin kwari, akan haɗa ɗibar magani da wasu sharuɗɗa. Waɗansu suna da dalili na zahiri, kamar a tsinka da sassafe, ko a shanya a inuwa don kada rana ta kashe ƙarfinsa. Waɗannan ilimi ne. Waɗansu kuwa, kamar yanka wa aljanin itace ko kiran sunan wanin Allah a gindinsa, shirka ne, kuma Muslim ya ruwaito daga Aliyu la'anta a kan mai yanka don wanin Allah. Hanyar Annabi (SAW) a nan ita ce tantancewa. Da Aufu ɗan Maliku ya tambaye shi game da tofin da suke yi a Jahiliyya, sai ya ce su kawo masa ya ji, ya kuma halatta wanda babu shirka a cikinsa. Bai ce a zubar duka ba, bai ce a karɓa duka ba. Akwai kuma wani laifin da ya shafe mu a birni: laƙaba wa kowane haɗi sunan maganin Musulunci don ya samu kasuwa. Jingina wa Annabi (SAW) abin da bai faɗa ba zunubi ne babba, ko a kan mumbari ko a jikin kwalba.

Na biyu, cutarwa. Ummu Ƙaisi 'yar Mihsanu ta zo wa Annabi (SAW) da ɗanta bayan ta danna masa maƙogwaro da yatsa saboda ciwon wuya, yadda matan Larabawa suka gada. Ya hana wannan azabtarwa, ya nuna mata ƙusɗul hindi a madadinta, kamar yadda Bukhari da Muslim suka kawo. Daɗewar al'ada ba hujja ba ce idan tana cutarwa, kuma iyayen da ke kai jarirai a cire musu beli su yi wa wannan hadisi karatun natsuwa.

Na uku, lamuni. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, shi zai ɗauki alhakin ɓarnar da ya yi. Ibnu Rushdi ya ambata cewa babu saɓani a kan haka. Wannan hukunci ya hau kan mai tallar tasha, ya hau kan mai tura haɗin magani ta WhatsApp, ya hau kan maƙwabciyar da ta ba da jiƙo don kawai ya yi wa wata amfani. Shi kuma mai magani na gaskiya alamarsa ita ce ya san iyakarsa. An ruwaito a Abu Dawuda cewa Annabi (SAW) da kansa ya tura Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas wurin Harisu ɗan Kalada, likitan Saƙifawa. Yaron da zazzaɓi ya sa shi suma ko taune-taune, da mai naƙudar da ta daɗe ko take zubar da jini, da wanda maciji ya sara, da mai alamun sanƙarau, da jaririn da gudawa ta zuƙe, waɗannan asibiti ake nufa da su ba tare da jinkiri ba. Mai ciwon ƙoda ko suga ko hawan jini kuma kada ya haɗa jiƙo da maganin asibiti sai ya gaya wa likitansa.

Amanar itace da amanar ilimi

Rumbun nan yana raguwa ta fuska biyu. Farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobi da itatuwa masu yawa a Azbin, sare itace don girki da gawayi kuma bai tsaya ba. Hukumar UNESCO ta sa gandun Ayar da Tenere cikin wuraren gadon duniya a 1991, shekara ɗaya bayan haka ta sa shi cikin waɗanda suke fuskantar barazana. Ta ɗaya fuskar, tun da aka gano zinariya a arewacin Nijar a 2014, matasa da yawa sun nufi ramukan haƙa, wasu sun nufi birane. Duk tsohuwar da ta rasu ba ta samu magajiya ba, da iliminta ake rufe ta.

Kasuwa ma tana da nata laifin. Mai ɗiba don gidansa yakan sassaƙi gefe ɗaya na itace ya bar shi ya warke. Mai cika buhu yakan zagaye shi da gatari, itacen kuwa da aka zagaye ɓawonsa ya mutu ke nan. Haka mai haƙar saiwar araki, idan ya tone ta duka. Shari'a tana da magani ga wannan. Abu Dawuda ya kawo gargaɗi mai tsanani a kan sare magarya, ya fassara shi da wadda take jeji matafiya da dabbobi suna shan inuwarta. Bukhari ya ambaci cewa Annabi (SAW) ya keɓe filin Naƙi'u, Umar kuma ya keɓe Rabaza, tsarin da ake kira hima, wato hurumin da shugaba yake tsarewa don amfanin jama'a. Ƙabilun duwatsun Sarawat, kudu da Ɗa'ifa, sun daɗe suna aiki da shi, har da keɓe wurare saboda ƙudan zuma. Babu abin da zai hana masu sarauta da limamai su farfaɗo da shi a inda itatuwan magani suke ƙarewa.

Ɗalibanmu da ke karatun harhaɗa magunguna da ilimin tsirrai a Yamai da Agadas da Zariya da Kano, ga aiki ya same ku. Ku zauna gaban tsofaffin nan da ladabin almajiri, ku rubuta da izininsu, ku jingina kowane sani ga mai shi, ku kai shi ɗakin gwaji a rarrabe mai amfani da mai cutarwa. Idan riba ta fito, a ba masu abu haƙƙinsu, domin kwashe ilimin talaka a sayar ba da saninsa ba ha'inci ne.

Magidanci kuma, kafin wani ƙulli ya shiga gidanka, yi masa tambayoyin da ake yi wa ruwaya. Mene ne sunan itacen? Wa ya haɗa, kuma a ina za a same shi idan wani abu ya faru? Nawa ake sha, har kwana nawa? Wa aka hana wa shi? Wanda ya kasa amsa waɗannan, bar masa kayansa. Iyalinka kiwo ne da aka ba ka, kuma za a tambaye ka a kansu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sanya albarka a cikin abin da ƙasa take tsirar mana, ya tsare mana imaninmu da jikunanmu. Allah ne Mafi sani.